Keken Obree da abin da kyamara ta ƙi tsayawa ta kalla

Duk wanda ya taɓa jin sunan Graeme Obree, da wuya in ba da injin wanki aka haɗa masa labarin ba. Wai wani talaka ne a ƙasar Sikotland ya kwance injin wankin gidansa, ya ƙera keke da shi, ya je ya kafa tarihi a duniya. Haka 'yan jarida suka yayata abin a 1993, haka kuma fim ɗin da darakta Douglas Mackinnon ya yi a kan rayuwarsa a 2006, The Flying Scotsman, ya ƙara buga wa zancen hatimi. Labari ne mai daɗi a baki, irin wanda furodusa zai ji ya ce maza a kawo takarda a sa hannu. Sai dai abin da aka ciro daga injin wankin nan bai wuce boris ba, ɗan abin da za ka jefa a aljihun gaban riga. Sauran keken daga kan mutumin ya fito, da zarto da magagari da wutar walda. Shi kansa Obree daga baya ya yi da-na-sanin faɗa wa 'yan jarida zancen boris ɗin, domin ya zama shi ake fara tambayarsa kafin komai.

Ni dai sharhin fim nake yi, amma difilomata ta fannin ƙere-ƙere ce, don haka idanu biyu nake kallon irin wannan fim da su, kuma ba kullum suke shiri da juna ba. Idon ɗan kallo ya gamsu. Jonny Lee Miller ya yi ƙoƙari matuƙa a matsayin Obree, musamman wajen nuna ciwon damuwar da ya addabi mutumin har ya kai shi bakin halaka. Brian Cox kuwa, wanda ya fito a limamin cocin da ya ara masa wurin aiki, ai ba a magana. Idon ɗan wokshof ne ya tashi da yunwa. Don mai karatu ya gane irin yunwar, sai na ɗan yi bayanin mene ne ma firam ɗin keke.

Ka cire tayoyi, ka cire sarƙa da feda da sirdi da birki. Ƙashin da ya rage shi ne firam. Tun wajen 1885, lokacin da John Kemp Starley ya fito da kekensa Rover a garin Coventry na Ingila, aka kama hanyar siffar da muka sani yau, wadda ba da jimawa ba ta tsaya a kan alwatika biyu, wato siffa mai kusurwa uku sau biyu, manne da juna. Dalili kuwa, siffa mai kusurwa uku ba ta lanƙwashewa da sauƙi. Kallo ɗaya za ka ce duk keke keke ne. To amma ɗauki tsohon Raleigh ko Phoenix irin na kakanninmu ka jingina shi kusa da keken tsere. Na kakanninmu wuyansa a kishingiɗe yake, tsakanin tayar gaba da ta baya da nisa, shi ya sa za ka ɗora masa buhun gero ya miƙe hanya abinsa kamar jaki mai ladabi. Na tsere wuyansa ya fi miƙewa, wajen digiri 73, jikinsa a tsuke, kana ɗan karkata kafaɗa ya juya. Digiri biyu ko uku kacal sun isa su canja wa keke hali. Akwai ma wani lissafi da ido ba ya gani: in ka ja layi daga wuyan keke har ƙasa, zai sauka ɗan gaba da inda taya ta taɓa ƙasa, wajen santimita 5 zuwa 6 a keken tsere. Wannan 'yar tazara ce ke sa taya ta riƙa miƙe kanta da kanta, ita ce ke ba yaran unguwa damar sakin hannu suna burga.

Su kansu bututun ba ɗaya suke ba. Tun 1897 kamfanin Reynolds na Birmingham ya yi rajistar dabarar yin bututu mai kauri a bakinsa biyu, siriri a tsakiya. Za ka samu milimita 0.9 a baki inda wuta za ta taɓa, 0.6 a tsakiya inda ba a buƙatar nauyi. Mai ƙera firam da hannu shi zai zauna ya zaɓi wane bututu zai sa a ina, gwargwadon nauyin mai keken da tsawon ƙafarsa da irin hanyar da zai bi. Tela ne, ƙarfe ne yadinsa.

A wokshof ɗin makarantarmu an taɓa ba mu aikin haɗa bututu biyu. Sai ka goge bakin ɗaya da magagari har ya yi kamar bakin kifi, yadda zai rungumi cikin ɗayan. Malaminmu yakan ɗaga su sama ya duba ta hasken taga. In haske ya ratsa, ko uffan ba zai ce ba, zai miƙo maka kayanka ka koma kan benci. Sai sun zauna daram sannan a kunna gas, a narka tagulla, ka ga tana bin 'yar kafar da ta rage da kanta kamar yadda kananzir ke bin lagwani. In wuta ta yi kaɗan tagulla ba za ta shiga ba, in ta yi yawa ka kashe ƙarfen. Rabin yini muka yi a kan gaɓa ɗaya, kuma wallahi ban taɓa jin ajinmu ya yi tsit irin na ranar ba. Tun daga lokacin na san cewa kallon mutum yana yanke shawara da hannunsa abin kallo ne.

To, mu koma kan Obree. Abin da ya sa a gaba shi ne kambun awa ɗaya, gasar da ba ta da abokin karawa sai agogo. Za a sa ka a filin tseren keke, zagayayye mai daɓe sumul, kai kaɗai, a ga iya nisan da za ka ci cikin minti 60. A 1972 Eddy Merckx na Beljiyam ya ci kilomita 49.431 a birnin Meziko. Ernesto Colnago, shahararren maƙerin kekuna na Italiya, shi ya ƙera masa keken, kuma abin da ya sa a gaba shi ne rage nauyi. Duk inda zai iya huda rami ya huda, har keken ya kasa kai kilo 6. Aiki ne na gwani, sai dai a fili shimfiɗaɗɗe, inda ba tudu kuma gudu ɗaya za ka riƙe, nauyi ba shi ne babban abokin gaba ba. Iska ce. In kana gudun kilomita 50 a awa, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfinka wajen keta iska yake tafiya, kuma in kana so ka ninka gudu sau biyu, sai ka ninka wannan ƙarfin sau takwas. Francesco Moser na Italiya ya gane haka, ya zo a 1984 da tawagar masana da tayoyi rufaffu kamar faifai, ya ci kilomita 51.151, shi ma a Meziko, inda tsayin ƙasa ya sa iska ba ta da kauri.

Obree ba shi da tawaga. Shagon kekensa ya karye, bashi ya yi masa katutu. Abin da yake da shi shi ne lura. Ya san cewa a cikin abin da iska ke bugu, jikin mahayi ya fi keken yawa nesa ba kusa ba, saboda haka daga jikin ya fara. Ka ga yadda ɗan acaɓa ke kwantawa a kan tanki in ya samu miƙaƙƙen titi? To shi ya wuce nan. Ya yar da lanƙwasasshen kan keken tsere, ya sa ɗan gajere miƙaƙƙe, ya matso da shi kusa da sirdi, ya kifa ƙirjinsa a kan hannuwansa, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari. Hannuwa sun ɓace daga gaban iska ke nan. 'Yan kallo suka yi ta dariya, amma agogo bai yi ba.

Daga nan ne abin da ya fi burge ni ya fara. Obree ya lura cewa keke na buɗa ƙafafun mutum fiye da yadda suke so. Gwada tafiya a kan yashi ka waiwaya ka dubi sawunka, za ka ga kusan a layi ɗaya suke. Sai ya yanke shawarar tsuke cibiyar keken, wato gidan da hannuwan feda ke juyawa a ciki, don ƙafafu su matso juna. To amma firam ba ya yarda ka taɓa masa wuri ɗaya ka tafi. Da cibiya ta tsuke, hannuwan feda za su riƙa bugun ƙarafa biyun da suka tafi zuwa tayar baya. Dole ya kawar da su daga inda kowa ke sa su, ya ɗaga su yadda feda za ta wuce. Da ƙafafu suka matso, gwiwoyi suka shigo ciki, sai ga ƙarfen sama, wanda muke ɗora ƙannenmu a kai, ya tare musu hanya. Ya cire shi ɗungurungum. Cire shi kuwa rushe alwatikar gaba ne, wadda kusan shekara ɗari ake tinƙaho da ita, don haka nauyin da ƙarafa biyu ke rabawa ya koma kan abin da ya rage. A titi mai ramuka wannan kasada ce. A daɓen katako, inda mutum zai zauna daram awa guda ba tashi tsaye ba birki, lissafin ya fita. Cokalin da ke riƙe tayar gaba ma ƙafa ɗaya ya bar masa, kamar gaban Vespa, siriri iya yadda zai yiwu.

Sai a ƙarshen wannan jerin ne boris ya shigo. Cibiyar da ya tsuke ba irin ta kanti ba ce, dole ya haɗa kayan cikinta da kansa. Ya dubi injin wanki yana juyi 1,200 a minti, ya ce boris ɗin da ya jure wannan ai ba zai gaji da feda ba, wadda ba ta cika kai juyi 100 a minti ba. Shi ke nan fa labarin injin wanki. Shi ne mafi ƙanƙantar shawara a cikin duk waɗanda ya yanke, kuma da ya sayo boris ɗin a kasuwa da babu abin da zai canja a sakamakon.

Jama'a, wannan ba shi ne abin da muke ta roƙon marubutan finafinai su koya ba? Abu kaza ya jawo abu kaza, maganin matsalar farko ya haifi matsala ta biyu, jarumi ya sadaukar da wani abu don ya samu wani. Ga labari nan a rubuce a jikin ƙarfe, sin bayan sin, ba sai an ƙirƙiro komai ba. Fim ɗin ya taɓo zancen matso da ƙafafu, ba zan yi masa ƙarya ba, amma a gurguje, kamar mai tsoron kada 'yan kallo su tashi sayen gyaɗa. Aikin ƙirar an tattara shi a 'yan hotuna masu wucewa da sauri, injin wanki kuwa aka ba shi filinsa har da raha. Sakamakon haka ɗan kallo zai fita yana ganin Obree wani bawan Allah ne mai taurin kai da sa'a ta faɗo wa, alhali mutumin ya daɗe yana ƙera firam tun yana da shago, kuma kowane yanka da ya yi da dalilinsa. A ganina an rage masa daraja, ko da kuwa da niyyar yabo aka yi.

Ranar 16 ga Yuli, 1993, a filin Hamar na ƙasar Norwe, ya gwada ya kasa. A wani sabon keke da aka ƙera masa a kan fasalin nasa ya yi wannan gwajin. Tunda filin na awa 24 aka kama, sai ya ce gobe da safe zai sake. Duk wanda ya san gasar nan ya san wannan hauka ne, don waɗanda suka yi ta sukan kwana biyu ba su iya tafiya sosai ba. Dabarar da ya yi don kada jijiyoyinsa su ɗaure ita ce shan ruwa da yawa kafin ya kwanta, fitsari ya tashe shi, ya miƙe jiki, ya ƙara sha, ya koma. Haka har gari ya waye. Da safe ya hau nasa na gida, wanda ya raɗa wa suna Old Faithful, wato tsohon amini, ya zagaya filin mai mita 250 sau 206 da 'yan kai. Kilomita 51.596. Ya wuce Moser da mita 445. A nan kam fim ɗin ya yi abin a yaba, don kyamara ta shiga idon mahayin, ba ka ganin komai sai baƙin layi yana tahowa, ba ka jin komai sai numfashi.

Kwana shida kacal kambun ya yi a hannunsa, Chris Boardman na Ingila ya ƙwace da 52.270 a Bordo ta Faransa. A watan Agustan shekarar Obree ya doke Boardman ɗin a kan hanyarsa ta zama zakaran duniya a tseren mita 4,000, sannan a Afrilun 1994 ya ƙwato kambunsa da 52.713.

Daga nan hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shigo. A gasar duniya ta 1994 a Italiya, dab da fara tsere aka sanar da shi cewa an haramta zamansa na kifa ƙirji, da ya ƙi canjawa aka fitar da shi. Fim ɗin ya canja wa hukumar suna, ya ba ta wani shugaba mai murtuke fuska, wanda Steven Berkoff ya fito a matsayinsa, irin bos ɗin fim ɗin Indiya da tun shigowarsa ka san ba alheri. Nan ma an yi asarar dama, domin hukumar tana da hujjar da ta cancanci a ji: tana so gasa ta zama tsakanin mutum da mutum, kada ta koma tsakanin injiniya da injiniya. Magana ce mai ma'ana. Da an bar ta ta fito da ƙarfinta, da amsarta ma ta fi fitowa da ƙarfi. A 1992 Boardman ya ci zinare a gasar Olamfik ta Basalona a kan keken da kamfanin motoci na Lotus ya ƙera da zaren kabon, ba wanda ya hana shi. Abin da Obree ya kawo kuwa kusan kyauta ne: yadda za ka ajiye jikinka, da 'yan bututun ƙarfe da kowane mai walda zai iya haɗawa. In don a kare talakan ɗan tsere daga mai kuɗi ake dokar, to an fara da kama wanda ake cewa ana karewa.

Gogan naka bai zauna kuka ba. Da aka hana shi naɗe hannuwa, sai ya miƙar da su gaba sosai, tamkar mai shirin faɗawa ruwa, zaman da aka yi wa laƙabi da Superman. Da shi ya sake zama zakaran duniya a Bogota ta Kolombiya a 1995. Andrea Collinelli, ɗan Italiyan da ya kayar a wasan ƙarshe, ya kwaikwayi zaman ya ci zinare a Olamfik ta 1996. Boardman ma ya ara, ya ci kilomita 56.375 a Mancesta a watan Satumban 1996. Sai aka haramta wannan zaman shi ma. A shekarar 2000 hukumar ta ma mayar da kambun kan nisan Merckx na 1972, ta kwashe su Moser da Obree ta zuba a wani jerin daban, sai a 2014 ta sassauta. Nisan nan da Boardman ya ci da zaman Obree ya yi shekara 26 ba wanda ya wuce shi, sai a 2022 da Filippo Ganna ya ci 56.792 a ƙasar Siwizalan, a kan keken Pinarello da na'ura ta zuba firam ɗinsa daga zanen kwamfuta, keken da kuɗinsa zai sayi mota ta gani ta faɗa. Wannan kam doka ta amince da shi.

Ba zan yi ta jifan Turawa ba alhali namu gidan ma da sauran shara. Sau nawa ka ga mai sana'ar hannu a fim ɗin Hausa yana aikinsa har ka fahimci me yake yi? In an nuna mai walda, to an ajiye shi ne don tartsatsin wuta ya ƙawata bayan jarumi, ko don a nuna talaucin saurayi kafin Alhaji ya ƙwace masa budurwa. Alhali ga masu ƙera keken guragu a Kano, da yawansu su ma shan-inna ce ta kayar da su, kullum cikin irin lissafin Obree suke: ina za a sa fedar hannu don kafaɗa kada ta gaji, yaya faɗin tayoyin baya zai kasance don kada keken ya kife a kwana kuma ya iya shiga ƙofar zaure, wane kaurin bututu ne zai ɗauki mutum ba tare da ya fi ƙarfin hannunsa ba. Ga Panteka a Kaduna. Darakta ɗaya da zai kafa kyamara minti uku a kan hannun irin waɗannan mutane, ya bar mu mu ga sun auna, sun yi shakka, sun yanke, zai ba mu halin jaruminsa fiye da shafi goma na surutu a falo.

Akwai wanda ya gwada hakan da Obree ɗin kansa. A 2015 David Street ya fitar da fim ɗin gaskiya mai suna Battle Mountain, wanda ya bi shi lokacin da yake ƙera wani abin hawa da ya kira Beastie, a ɗakin girkinsa. Wannan karon a kife mahayi yake kwanciya, kai a gaba, ƙafafu a baya, haɓa dab da taya, duk an rufe shi cikin kwanso. Fim ne mai haƙuri, kyamara takan zauna tare da mutumin da tarkacensa, ka ga yana gwadawa a jikinsa yana sakewa. Burinsa na farko mil 100 a awa ne. Da aka je jihar Nebada ta Amurka a Satumban 2013, yana ɗan shekara 48, abin da ya samu mil 56.62 ne, wajen kilomita 91 a awa. Ya kafa tarihi a rukunin masu tuƙi a kife, amma ya yi nisa da abin da ya je nema, kuma fim ɗin bai ɓoye cewa ƙirar tasa ba ta ba shi abin da ya zata ba. Wajen yin abin da zai tallafi kafaɗarsa a cikin kwanson, wata tsohuwar tukunyar miya ya yanka. Jaridu da suka zo ba da labari, tukunyar suka ɗauka.